Wai Limamin Cocin Maijirgi: Tsokaci a Kan Masu Ba da Tarihin Garin

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya nemi sunan Maijirgi a littattafan tarihi na Faransanci, ko ya buga shi a wayarsa, abu guda zai fara cin karo da shi: a nan ne aka kashe Chanoine ran 16 ga Yuli 1899, aka kashe Voulet washegari, kuma a nan aka binne su. Iyakar labarin ke nan. Gari sukutum, da unguwanninsa da gonakinsa da kakannin kakanninsa, an tattara shi cikin layi biyu, layi biyun ma na baƙi ne.

Abin bai tsaya nan ba. A Faransanci kalmar chanoine sunan wani muƙami ne na limaman cocin Katolika, wato fada da ke cikin majalisar babbar majami'a. Wanda bai san labarin ba, in ya ɗauki layin nan ya jefa wa injin fassara, ba abin mamaki ba ne a fito masa da cewa wani babban limamin coci ne ya rasu a Maijirgi zamanin Nasara. Daga nan sai wani ya kwafa, wani ya kwafi wanda ya kwafa, kafin ka ce kwabo an naɗa wa garin fada.

To, a gyara tun da wuri. Julien Chanoine, wanda ake faɗin sunansa Shanwan, bai taɓa limanci ba. Kaftin ne na sojan Faransa, an haife shi a 1870, ɗa ne ga Janar Jules Chanoine wanda ya riƙe ministan yaƙi na ƴan makonni a 1898. Sunan gidansu ne kawai, kamar yadda za ka iske ana ce wa wani Liman ko Alƙali a ƙarshen suna alhali bai taɓa jan sallah ko yanke hukunci ba. A 1899 ma babu wata mishan a ƙasar nan. Ƴan mishan na SIM sai a 1924 suka sauka Damagaram, suka buɗe Tsibiri a 1927. Shi Shanwan bindiga da bulala ya zo da su.

Kuskuren abin dariya ne, amma ciwon da ke ƙarƙashinsa babba ne. Da a ce daga bakin mutanen Maijirgi muke karɓar tarihin Maijirgi, da ba wanda zai ɗauki mai ƙone garuruwa a matsayin mai wa'azi. Shi ya sa nake son mu duba littattafai da finafinan da suka taɓo garin nan, mu ga abin da suka gani da abin da suka tsallake. Ra'ayina tun farko shi ne: dukansu, har da waɗanda suka zo da niyyar kare mu, sun mai da Maijirgi wurin da labarin wani yake ƙarewa, ba su tambayi garin nasa labarin ba.

Abin da ya faru, a taƙaice

A 1898 Faransa ta ƙudura haɗe ƙasashen da ta mamaye a Afirka ta hanyar tafkin Cadi. Ta tura ayari uku: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, na ukun kuma daga yamma, ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet, wato Bule, da mataimakinsa Shanwan. Mutanen nan biyu ba baƙin ɓarna ba ne, su ne suka ci Wagadugu a 1896, kuma gwamnatinsu ta san irin hannun da suke da shi kafin ta danƙa musu aikin. Turawan ayarin tara ne kacal. Sauran duk ƴan Afirka ne: sojoji, da tafintoci, da ƴan dako wajen 800 da aka kamo da ƙarfi, ga mata da bayi, har taron ya doshi mutum 2000. Taro irin wannan a ƙasar da ruwanta na rijiya ne, ba a ba shi guzurin da zai ishe shi ba, to ina zai ci ya sha in ba a rumbunan mutane da rijiyoyinsu ba?

A Janairu 1899, a Sansanin Hausa, bakin kogin Kwara, suka kashe mutum 101. A tsakiyar Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka ƙone Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har gobe zuri'ar garin ba ta manta ba. Suka bi ta Tsibiri, suka yi wa mata da yara kisan gilla a Koran Kalgo. Wani laftanan mai suna Péteau da aka kora daga ayarin ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga manya a Faris, aka tura Laftanan-kanar Klobb, wato Kulob, ya bi sawunsu ya karɓe ragama. Ran 14 ga Yuli suka haɗu a Dankori, ƙasar Tasawa. Kulob ya hana sojojinsa harbi, Bule ya ce wa nasa su buɗe wuta. Kulob ya faɗi matacce, mataimakinsa Meynier ya ji rauni. Kwana biyu bayan nan sojojin ayarin suka yi bore a Maijirgi suka harbe Shanwan. Bule ya tsere cikin dare, da ya dawo da safe mai gadi ya bindige shi.

Ku riƙe abin da ya biyo baya, don a nan maganar take. Ayarin bai watse ba. Laftanan Pallier ya karɓe shi, ran 30 ga Yuli suka shiga Damagaram bayan yaƙin Tirmini, a Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka zarce tafkin Cadi, aka kashe Rabe a Kusiri ran 22 ga Afrilu 1900. Aikin da aka aiko Bule ya yi an yi shi har ƙarshe.

Alƙalamin waɗanda suka tsira

Rubutun farko a kan wannan lamari na hafsoshin da suka rage ne. Joalland, wanda ya yi tafiyar nan tun daga farkonta, ya kuma zama janar daga baya, ya fitar da littafi a 1930 mai suna Le Drame de Dankori, wato bala'in Dankori. Ku tsaya a kan sunan kawai. An ƙone Ƙonni, an rataye yara mata a itace, an cika rijiyoyi da gawa, duk wannan bai isa a sa wa littafi suna ba. Bala'i a wajen marubucin shi ne ranar da Bafaranshe ya harbi Bafaranshe. A 1931 kuma aka buga bayanan tafiyar Kulob da sunan À la recherche de Voulet, ma'ana neman Bule. Wannan ya fi amfani gare mu, tunda Kulob ya rubuta kufan da ya riƙa tararwa a hanya gari bayan gari. Amma shi ma garuruwan alamun sawu ne a wajensa, Bule yake nema.

Akwai tambayar da ya kamata kowane ɗalibin tarihi ya yi wa waɗannan takardu: wa ya ba da shaida, kuma me zai samu? Duk abin da muke karantawa game da 16 da 17 ga Yuli ya biyo ne ta hannun hafsoshin da suka kwana watanni cikin ayarin ana kisa a gabansu. Maganar nan da ake yawan maimaitawa, wai Bule ya cire galansa ya ce ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa a matsayin sarkin baƙaƙe, su suka ruwaito ta. Mai yiwuwa ya faɗa. Amma ku lura da yadda ta yi musu daidai: in ya fita daga Faransa da bakinsa, to Faransa ta fita daga laifinsa. Gawa kuwa ba ta musu.

Haka hukuma ta bi. Labarin kashe Kulob ya isa Faris a Agusta 1899, daidai lokacin da shari'ar Dreyfus ta raba ƙasar biyu, sunan soja yana cikin tsaka mai wuya, ga kuma ɗan tsohon ministan yaƙi a cikin maganar. Sai aka samo wata cuta, soudanite, wai haukar da zafin ranar ƙasar Sudan ke sa wa Bature. Ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta yi bincike, aka ƙi. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka kuma an rufe shi a 1902 ba a buga ba. Kun ga dabara: laifin ya tashi daga kan gwamnatin da ta aiko su ya koma kan mutum biyu, daga kansu ya koma kan ranarmu. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ginin bai rushe ba har yau. Jacques-Francis Rolland ya sa wa nasa littafin na 1976 suna Le Grand Capitaine, babban kaftin. Serge Moati ya kira fim ɗinsa Capitaines des ténèbres, kaftin-kaftin na duhu. Kullum kaftin ne a bangon littafi. Wanda ya fi yin adalci a cikinsu shi ne masanin tarihi Bertrand Taithe a The Killer Trail na 2009, don ya nuna cewa ƙone gari da biyan soja da ganima da bayi al'adar yaƙin Faransa ce a yammacin Afirka tun kafin Bule. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ya kamata mu san ta. Sai dai shi ma ma'ajiyar takardun Faransa ce rijiyarsa, kuma guga ba ya fito da abin da babu a rijiya.

Sarauniya: amsar da ta zo daga gida

A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira, ya fitar da Sarraounia. A 1986 Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kada kowa ya raina wannan aiki. Mamani ya ɗauko macen da takardun Nasara suka ambata a gurguje, ya sa ta a tsakiyar fage, ya ce ga wadda ta tsaya. Yau sunanta na kan gidan rediyo da talabijin, yara na koyonsa a makaranta. Mutum ɗaya da alƙalami ya sauya abin da ƙasa guda take tunawa, wannan darasi ne gare mu masu son rubutu.

Amma yabon gwani ba ya hana a duba inda ya bar giɓi. Na farko, labarin da ke yawo a bakin mutane, wanda littafin da fim ɗin suka ƙara wa ƙarfi, shi ne cewa asirin Sarauniya ne ya bi ayarin ya ruɗa shi har suka cinye junansu. Labarin da daɗin ji, kuma na san dalilin da ya sa muke son sa. To amma ku aza shi kusa da soudanite ku gani. Bature ya ce rana ce ta haukata su, mu muka ce asiri ne ya haukata su. Mun yi saɓani a kan sanadi, mun haɗu a kan hauka. Mahaukaci kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Mutanen da suka lissafa harsashi, suka rubuta rahoto, suka raba ganima bisa ƙa'ida, da hankalinsu suka yi, kuma da hankalinsu ya kamata tarihi ya kama su.

Na biyu, tsakanin Lugu da Maijirgi akwai wata uku da tafiyar ɗaruruwan kilomita. In muka ce duk abin da ya faru a Yuli sakamakon Afrilu ne, mun shafe duk wanda ke tsakani: waɗanda suka tare ƙofa a Ƙonni, waɗanda suka kwashe iyali da dabbobi suka shige daji suka bar wa ayari kufai, waɗanda suka yi kwanton ɓauna da kwari da baka. Gudu da hatsi a gaban mayunwacin soja shi ma yaƙi ne. Gwarzuwa ɗaya ta yi mana rana, amma inuwarta ta rufe dubbai.

Na uku, littafin da Faransanci yake, fim ɗin kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi, yawancin maganar cikinsa Julanci ne da Faransanci. Tsohuwar da ke Maijirgi, wadda kakarta ta ga ayarin da idonta, ba za ta iya karanta ɗaya ba, ba za ta ji ɗayan ba sai da tafinta. Ba laifin Mamani ba ne shi kaɗai, haka zamaninsa ya ba shi. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Baƙon da ya zo da Conrad a jaka

Na baya-bayan nan shi ne African Apocalypse na Rob Lemkin, 2020. Wani matashi mawaƙi ɗan Ingila mai tushe a Najeriya, Femi Nylander, ya bi hanyar ayarin tare da ƴan Nijar biyu, Amina Weira da Assan Ag Midal, har zuwa kabarin Bule. Alherin fim ɗin a fili yake. An ajiye kyamara a gaban dattawa da mata da ƴan makaranta, suka faɗi abin da kakanninsu suka gaya musu, da harshensu, da hawayensu. An kuma yi masa fassarar Hausa. Waɗannan mintoci sun fi shafuka ɗari na Joalland daraja a wajena.

Inda nake da ja shi ne ginshiƙin da aka ɗora tafiyar a kai. Matafiyin yana riƙe da littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, yana neman mutumin gaske da ya yi kama da Kurtz, Baturen da ya haukace a Kwango cikin littafin. Labarin Conrad ya fara fitowa a mujalla tun Fabrairu 1899, kafin Bule ya isa Lugu ma, saboda haka dangantakar ta kama ce kawai. To, don me sai an bi ta ƙofar wani marubucin Ingila kafin a ga gawar Ƙonni? Chinua Achebe tun 1975 ya soki littafin nan a kan ya mai da Afirka bango kawai da ake jingina ruɗewar Bature. Ga shi an ɗauko littafin don a tona asirin mulkin mallaka, sai ya shigo da halinsa: ido ya koma kan zuciyar mugu, da kan zuciyar baƙon da ke neman sa. Har akwai inda abokan tafiyar ke tuhumar matashin da rashin nuna damuwa. Wurin yana da gaskiya a cikinsa, amma ya ƙara tabbatar da cewa jarumin fim ɗin shi ne mai ziyara.

Ita kuwa Maijirgi, tashar ƙarshe ce. An zo, an ga kabari, an yi jimami, an juya mota. Tafiyar da Kulob ya yi a 1899 ita aka sake: neman Bule.

Sojojin 16 ga Yuli

Yanzu mu dawo ga abin da ya sa sunan garin ya shiga littafi. Wa ya tsayar da Bule da Shanwan? Wasiƙar Péteau ba ta tsayar da su ba. Kanar ɗin da Faris ta aiko ya mutu a Dankori. Waɗanda suka kawo ƙarshensu sojojinsu ne baƙaƙe, yawancinsu daga ƙasashen Bambara da yammacin kogi, kuma rahotanni sun ambaci sajan biyu a gaban boren, Suley Tarawore da Demba Sar. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin waɗannan sunaye a aji? Mun haddace Kulob, mun haddace Meynier, har raunin da ya ji mun sani.

Ba ina cewa a gina musu mutum-mutumi ba. Hannun da ya harbe Shanwan shi ne ya cinna wa Ƙonni wuta. Su aka raba wa matan da aka kamo. Abin da ya fi bayyana a dalilin borensu shi ne tsoron kada a zarce da su wata ƙasa su rasa hanyar gida. Mako biyu bayan haka kuma ga su a Tirmini suna harbin Damagarawa ƙarƙashin wani Bature. Wannan ne ya sa kowa ke kauce musu: ba su shiga labarin Nasara na hafsoshi masu biyayya da suka ceto tuta, ba su kuma shiga namu na baƙi duk azzalumai, ƴan gida duk waliyyai. Amma a nan ne ainihin darasin yake. Turawa tara ba sa cin ƙasa su kaɗai. Mulkin mallaka ya tsaya ne da ƙafafun ƴan Afirka da aka saya, ko aka tilasta, ko aka kwaɗaitar, kuma ranar da waɗannan ƙafafu suka ƙi, cikin kwana biyu manyan kaftin suka zama gawa. Marubucin da ya iya shiga ran sajan ɗin nan a daren 15 ga Yuli, da jinin da ke hannunsa da kewar gidansu, ya rubuta abin da ba a rubuta ba tukuna.

Kabari da gari

An ruwaito cewa a 1923 wani matashin kwamandan Tasawa, Robert Delavignette, wanda daga baya ya shugabanci makarantar horar da jami'an mulkin mallaka a Faris, ya sa an tone kaburburan biyu, aka tarar babu kowa a ciki. Tun daga nan marubutan Faransa ke ta hasashe, wai ko Bule bai mutu ba, ko ya shige Sahara. Kai jama'a! An zubar da tawada a kan ina ƙasusuwan mutum biyu suke, ba a zubar da rabinta a kan ina ƴan dakon nan 800 suka ƙare ba, ko matan da aka kwaso daga Ƙonni da Tsibiri, su da aka raba da gida har abada. Su wa suka haƙa ramin a 1899? Wa aka sa share wurin duk tsawon mulkin Nasara? Ina mutanen garin suke a ranakun da dubban baƙi ɗauke da makamai suka sauka a kansu tsakiyar damina, lokacin noma? Littattafan nan ba su yi waɗannan tambayoyi ba, kuma amsarsu tana zaure, wajen tsofaffi.

Sannan tarihin gari ya fi kwana biyu tsawo. Ƙasar Tasawa tsohuwar ƙasa ce mai alaƙa da Katsina, ta zauna tsakanin ƙarfin Maraɗi da na Damagaram bayan jihadin Shehu. Hanyar fatake daga Azbin da Damargu zuwa Katsina da Kano ta nan ta ratsa, ita Heinrich Barth ya biyo ya sauka Tasawa a Janairu 1851. Bayan Bule an yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An yi lanho da aikin tilas, wanda sai a 1946 doka ta soke shi. An yi zamanin gyaɗa, an yi Sawaba, an yi farin 1973 da El Buhari ta 1984, kwalta ta ratsa ta haɗa Yamai da Damagaram, samari sun bi ta zuwa cin rani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tukunyar kowane gida fiye da mutuwar Shanwan. Ko sunan garin ma abin bincike ne: ga Maijirgi a ƙasar da babu kogi, jirgi kuwa a Hausa yana nufin na ruwa, yana kuma nufin komin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ba ɗaya cikin marubutan nan da ya tsaya ya tambayi masu garin me sunansu ke nufi. Haka abin yake a ƙauyukan Mayahi da na Tasawa da yawa: wanda Bature bai mutu a cikinsa ba, layi biyun ma bai samu ba.

Aikin da ya rage namu

Wani zai ce, to ai yanzu zamani ya sauya. Gaskiya ne an sauya wasu abubuwa. A Oktoba 2024 an cire sunan de Gaulle daga babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Zuri'ar garuruwan da aka ƙone sun kai kukansu har Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi, ta kuma buɗe takardunta. Duk wannan daidai ne. Amma sauya allon titi aikin yini ɗaya ne. In Faransa ta buɗe takardun gobe, muryar hafsoshinta za mu sake ji. Tamu muryar tana bakin mutanen da shekaru suka ja, kuma duk wanda aka kai makwanci a cikinsu ya tafi da abin da kakarsa ta gaya masa.

Don haka shawarata ga wannan ƙungiya tamu mai sauƙi ce. Hutu mai zuwa, duk mai waya ya zauna da tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya a garinsu, da izininsu, ya naɗi magana. Kada ka fara da tambayar Bule, don in ka fara da ita abin da suka saba gaya wa baƙi za su gaya maka. Fara da wa ya sari garin, daga ina ya zo, wace rijiya ce ta fari, wace shekara aka ci ganye, wa aka kama aikin tilas bai dawo ba. In maganar Nasara ta zo da kanta, ka rubuta ta yadda aka faɗa, ka rubuta wa ya faɗa da wanda shi ya ji daga gare shi. In biyu sun saɓa, ka ajiye duka biyun, kada ka gyara wa kowa. Sannan mu kawo nan mu tace, mu buga da Hausa, mu mayar da kofi ɗaya ga waɗanda suka ba mu, a karanta musu a zaure su ce an yi daidai ko ba a yi ba.

Mu ci gaba da karanta Joalland da Taithe da Mamani, mu kalli Hondo da Lemkin, kowanne da abin da za mu tsinta. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ranar da ɗalibi zai buga sunan Maijirgi ya fara cin karo da sunan wanda ya kafa garin, Shanwan ya koma sakin layi ɗaya a babi na biyar, ranar ce za mu ce mun fara rubuta tarihi. Allah ya ba mu iko, ya kuma ja da ran tsofaffinmu har mu isa gare su.